Zaɓen da Muka Ɗinka a Satwa

Duk wanda ya ce muku ɗinki taka keke ne kawai, ku tambaye shi ko ya taɓa sa almakashi a shaddar mutum. Keke kowa zai iya takawa, na yanzu ma ba a taka su, wuta ce ke ja. Aikin yana wajen yanka. Idan ka yi kuskure a keke, ka farke ka sake. Idan ka yi kuskure da almakashi, sai dai ka fara shirya abin da za ka faɗa wa mai kaya. Da ku nake, samarin da kuke sauka Dubai yanzu kuna leƙo shagona a Satwa, kuna cewa in koya muku “kafin wani aikin ya fito,” sai ka ce ɗinki benci ne da ake zama a jira mota.

Sunana Habu, ɗan Fagge ne ni, kuma a can na koyi sana'ar. Maigidana bai bar ni na taɓa almakashi ba sai da na gaji da hura gawayin dutsen guga, na gaji da sa maɓalli, na gaji da sayo masa goro. Da na fara yanka kuwa, irin yankan gida ya koya mini: a saki yadi, a bar wa mutum wurin da zai yi ƙiba, domin a wurinmu idan riga ba ta cika ido ba an raina mai ita. Wani ɗan kasuwa da nake yi wa ɗinki shi ya yi mini hanyar Dubai. Ya ce alhazan da ke zuwa sarin kaya suna samun yadi mai kyau, amma babu wanda ya iya yi musu wuyan riga irin namu. Ya haɗa ni da wani tsohon tela ɗan Pakistan mai shago a Satwa, Masta Yunus, wanda ya yi mini biza ya ba ni keke ɗaya a lungu kusa da fanka.

Aikin farko da na yi a gabansa kaftani ne, na wani Bakano mai sarin takalma. Na shimfiɗa yadi, na yanka yadda na saba, na ɗinka, ya fito tsaf. Ina jiran yabo sai na ga dattijon ya durƙusa yana tsince ƙyallayen da suka zuba a ƙasa. Ya jera su a kan tebur, ya haɗa bakinsu, sai ga shi sun kusa kai hannun riga guda.

“Abu, habibi,” ya ce da guntun Larabcinsa, don bakinsa bai iya faɗin Habu ba, “wannan na wane ne?”

Na ce shara ce.

“La, a'a. Na mai kaya ne. Shi ya saya, kai ka zubar.”

Daga ranar ya hana ni yanka sai na zana komai da alli tukuna. Gaba, baya, hannu, wuya, aljihu, kowanne a kwance jikin ɗan'uwansa har babu inda yatsa zai shiga tsakani. Sai ya zo ya duba, ya goge da tafin hannu, ya ce in sake. Na ji haushinsa ba kaɗan ba. Ni da ake layi a ƙofata a Fagge idan Sallah ta matso, ga ni ina zane kamar ɗan firamare. Amma gaskiyarsa ce, kuma da bai matsa mini ba da babu labarin da zan ba ku yau.

Kayan aikina ba su da yawa. Almakashin nan mai baƙin hannu daga Fagge na zo da shi, kuma duk wanda ya yanka takarda da shi mun ɓata. Sai tef ɗin awo da ba ya barin wuyana, da alli, da dutsen guga, da reza. Masu kawo mini ɗinki kuma iri biyu ne. Akwai alhazan unguwar Muraƙƙabat, 'yan kasuwar Kano da Katsina da sauransu, wasu sun zauna suna harkar kago, wato jigilar kaya, wasu zuwa suke su cika kwantena su koma. Su kullum jirginsu gobe ne. Mutum zai ajiye maka shadda ya ce, “Yalla, yi sauri Malam Habu, da safe zan tashi,” ka ƙi cin abinci ka gama masa, bayan mako guda ka gan shi a kasuwa yana cinikin waya. Sai kuma 'yan'uwanmu na zangon Ghana, 'yan Nima da Kumasi, masu gadi a manyan shaguna, masu aikin otal da share-share. Su ranar Juma'a kaɗai ake ganinsu, kuma ba kasafai suke kawo sabon yadi ba. Wandon aiki ne a rage masa tsawo, ko riga a canja mata zif. Ba sa dogon ciniki, ba sa ƙaryar jirgi.

Wando mai ruwan toka na wani injiniya ɗan Indiya shi ya fara nuna mini cewa 2009 ba shekarar arziki ba ce. Ni na ɗinka masa shi, sai ga shi ya dawo da shi a rage ƙugu. Bayan ɗan lokaci ya sake kawowa a ƙara ragewa. Daga nan ban sake ganinsa ba. Gine-gine suka tsaya cak da ƙarafunansu a sama, kamfanoni suka yi ta sallamar mutane, alhazai suka rage zuwa. Maƙwabcinmu mai ɗinkin labule ya sayar da kekunansa ya koma gida. Sabon ɗinki ya ɗauke ƙaf. Masta Yunus ya kira ni ya ce ba zai kore ni ba, amma in ajiye girman kai, duk abin da aka kawo mu karɓa.

Abin da aka kawo kuwa tsofaffin kaya ne. Mutum zai zo da jallabiyarsa ya ce a fitar wa 'ya'yansa da riguna a ciki, wani ya kawo kwat a mayar da ita 'yar shara. A shekarar nan na zama gwanin farke ɗinki, kuma ku sani ya fi yin sa wuya. Za ka ja ɗinkin da hannun hagu har zaren ya nuna kansa, ka kwantar da reza, ka taɓa shi kawai. Idan ka matsa, ka ci yadin. Sannan ka yayyafa ruwa ka goge har ramukan allura su rufe, ka shimfiɗa a tebur, ka zauna ka yi ta kallo har ka ga sabuwar rigar da ke cikin tsohuwar. Da wannan muka ci abinci har gari ya fara motsi.

Yanzu ku ji yadda tela ya tsinci kansa a tsakiyar zaɓe, bayan 'yan shekaru da wucewar wancan wahalar. Hausawan da suka fara zama a ƙasar nan a Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, suka fi yawa, saboda haka uwar ƙungiyarmu can take, mu na Dubai reshe ne a ƙarƙashinta. Shugabanta wani dattijo ne, tsohon dillalin yadi, kowa Baba na Sharja yake ce masa. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Amma komai sai an je wurinsa: sulhu tsakanin ɗan kasuwa da mai kago, neman wanda ya ɓata, tsaya wa wanda aka kwantar a asibiti. Mu kuma mun yi yawa, mun fi su. Abin da ya kai mutane bango shi ne rasuwar wani mai gadi ɗan Kumasi a unguwar Ƙusais. Wanda ya san hanyar takardun jana'iza yana Sharja, aka ce sai dattawa sun zauna, dattawan kuma wasu sun tafi Umra. Gawar bawan Allah ta daɗe a ɗakin sanyi har kunya ta kama kowa. Bayan an binne shi mutane suka ce ya isa haka, Dubai ta tsaya da ƙafarta, ta yi nata shugabanni, ta riƙe nata al'amura.

Wanda ya ja gaba shi ne Alhaji Sabo, mai harkar kago a Muraƙƙabat, babban mutum a jiki da murya, kuma babu wanda ya kai shi kawo mini ɗinki. Baba bai ƙi ba. Ya ce a tambayi jama'a, abin da suka zaɓa shi ke nan.

Sai aka tsaya a kan yadda za a tambaye su. Ɗaga hannu ba zai yiwu ba. Wa zai kalli idon Baba ya ɗaga hannu ya ce ba ya yinsa? Aka ce to a jefa takarda a akwati. Baba ya yi dariya ya ce, “Akwati? Duk wanda ya girma a gida ya san abin da akwati ke haifa idan an juya baya.” Shi ya kawo shawarar anko. Babbar Sallah na tafe, dama kowa zai yi sabon ɗinki. A fitar da yadi iri biyu, mai son a ci gaba da zama ƙarƙashin Sharja ya sa mai ruwan ƙasa, mai son Dubai ta tsaya da kanta ya sa shuɗi. Juma'ar bayan Sallah a haɗu, a ci abinci, a gaisa, a tsaya layi biyu. Ba wanda ya yi wa wani rashin kunya, riga ce kawai ya sa. Ya kuma kafa sharaɗi irin na tsohon ɗan yadi: dole ya zama ainihin yadin da aka zaɓa, ba mai kama da shi ba, kuma dole ya zama riga ɗinkakkiya a jikin mutum, ba ƙyalle a kafaɗa ba.

Kowa ya yaba da hikimar. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa daga Dubai har Sharja tela ɗaya ne ya iya wuyan rigarmu, kuma babu Bahaushen da zai shiga taron Sallah da wuyan Indiya. Mutanen da tun suna yara suke zagin tela a kan saɓa alkawari, su ne suka ɗauki zaɓensu gaba ɗaya suka ɗora a kan teburina. Wanda ban gama masa ba, ba shi da ƙuri'a.

Rigar Alhaji Sabo ita na fara yankawa. Ya sayi shuɗin yadin bandir-bandir a wurin wani Ba'indiye a kasuwar yadi ta Bur Dubai, ya raba wa abokansa 'yan kasuwa, kowannensu kuma ya ce babbar riga yake so, da 'yar ciki da wando, don Sharja ta san da wa take yi. Ta Alhaji har ƙasa take ja, da surfanin farin zare tun daga wuya har cibiya. Da ya zo gwaji sai da ya toshe ƙofar shago, Masta Yunus ya miƙe tsaye yana ta masha Allah. Alhaji ya juya a gaban madubi, ya naɗe hannun rigar a kafaɗa, ya ce, “Khalas, shi ke nan Malam Habu, mun ci zaɓe.” Na Sharja ma suna ta shigowa, kuma ba kaɗan ba ne, domin da yawa daga tsofaffin 'yan kasuwar Dubai ba sa son rabuwa da Baba.

Wata Juma'a da la'asar, Sallah ta matso, na ɗaga kai na ga layi daga ƙofata har shagon mai shayi. 'Yan Ghana ne, maza da mata, wasu da kayan aiki a jikinsu. A gabansu Awudu, ɗan Nima, mai gadi a wani babban shago. Shi ne ya yi ta zarya a kan gawar nan, don ɗakinsu ɗaya da mamacin.

“Masta, mun zo awo,” ya ce mini. “Mu duka shuɗi ne.”

Na ce, “Ina yadinku?”

“An ce yana wurinka.”

Ba ya wurina. Alhaji da ya tashi saye, mutanen da yake shan shayi da su ya tuna. Ba da mugunta ya yi ba, kawai dai idan ya ce Hausawan Dubai masu kwantena yake gani. Na ɗauki guntun samfuri, Awudu na biye da ni, muka je wurin Ba'indiyen. Ya kaɗa kai ya ce wannan ya ƙare, na gaba yana cikin jirgin ruwa, sai bayan Sallah. Muka bi kasuwar lungu-lungu. Shuɗi kam akwai shi iri-iri, amma babu mai wannan saƙar, kuma Baba ko ido a rufe zai gane. Da muka sauka daga bas a hanyar dawowa, Awudu ya juyo gare ni.

“Masta, gawar tamu ce fa,” ya ce. “Mu muka jira. Yanzu ranar magana ta zo, mu tsaya waje muna kallo?”

Na auna su duk da haka, ban san da me zan ɗinka musu ba.

Washegari da hantsi Alhaji Sabo ya zo, don labari ya kai masa. Ya zauna a kan kujerar da ba ta ɗaukarsa, ya dubi tulin ruwan ƙasa da ke jiran keke, ya rage murya.

“Malam Habu, idan babu 'yan Ghana, Sharja ta cinye mu. Ka sani?”

“Na sani, Alhaji.”

“To ga hanya mai sauƙi. Waɗannan,” ya nuna tulin da leɓe, “ka yi musu irin naku na teloli. Shwayya-shwayya, a hankali a hankali. Su zo ka ce gobe, su dawo ka ce jibi, keke ya lalace, mai surfani ba shi da lafiya. Wa zai zarge ka? Tun da aka fara Sallah a duniya wane tela ne ya cika alkawari?”

Abin da ya ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba. Da na yi, babu wanda zai ce maguɗi ne, cewa za a yi halin tela ne. Kuma ni shuɗi nake so har zuciyata. Na ajiye almakashi don kada in yi magana yana hannuna.

“Alhaji, duk shekarun nan da nake maka ɗinki, na taɓa ce maka gobe?”

“Ba ka taɓa ba.”

“To ba zan fara a kan rigar Baba ba. Idan da ƙarya za mu tsaya da ƙafarmu, gara mu ci gaba da hawa motar Sharja. Yadi kuwa akwai shi. Yana rataye a ɗakinka.”

Ya dube ni kamar bai ji ba.

“Babbar riga ba a yayyanka ta,” na ce, “manyan fallaye ne a haɗe. Ka ba ni taka in farke, in fitar da rigar mutum uku, har huɗu idan ka haɗa da wando. Abokanka su kawo nasu. Hajiyoyi su riƙe rigunansu su ba da zannuwa.”

“Ni kuma in sa me?”

“Jamfa mai gajeren hannu, irin ta kowa.”

“Ni? A gaban Baba? A gaban mutanen da nake biya albashi?” Ya miƙe, kujerar ta kife. “Kai dai tela ne, ba ka san abin da ake kira mutunci ba.”

“Na sani mana, Alhaji. Ai ni na auna maka shi.”

Ya fita ba sallama. Masta Yunus, wanda ba ya jin Hausa amma ya ga komai, ya ɗaga kujerar ya ce, “Abu, babban kwastoma ya tafi?” Na ce wataƙila. Ya ce, “To ɗinka abin da ke gabanka.”

Rigar Baba na Sharja na ba ta haƙƙinta kamar ta mahaifina. Na yi mata kalmasa biyu, na daidaita wuyan don ya zauna a kafaɗar tsoho, na goge ta da kaina. Na gama na Sharja kaf, na ninke, na aika, kafin in san ko akwai shuɗin da zan sake taɓawa. Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Duk rigar da na gama ƙuri'a ce a kan abin da nake so. 'Yan Ghana suna bugo waya ba ni da amsa, a Muraƙƙabat kuma an fara cewa Habu ya sayar da Dubai.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, da safe ina buɗe shago, motar kago ta tsaya a ƙofa. Direba ya fara sauke manyan jakunkuna irin na lodin kaya. Alhaji Sabo na gidan gaba, bai fito ba, gilashi kawai ya sauke.

“Mutumin nan Awudu ya same ni a ofis,” ya ce, fuska a ɗaure. “Bai roƙe ni komai ba. Cewa ya yi tunda ba su da riga, in ba su izini su zo ranar su yi mana gadin takalma a ƙofa.” Ya kawar da kai ya dubi titi. “Na bi abokaina gida-gida. Wasu sai da muka yi faɗa. Tawa tana sama. Kada ka bari in ga lokacin da za ka sa mata reza.”

Masta Yunus ya ture nasa aikin gefe, ya kira tsofaffin abokansa biyu daga layinmu, suka zauna da reza suna farkewa suna hira da yarensu, ni ina gogewa, ina zane, ina yanka. Ko alli ban sa da garaje ba. Falle ɗaya sai in juya shi ta nan, in juya ta can, har in ga inda hannu zai kwanta a gefen baya. Wasu rigunan na haɗa musu baya a tsakiya, wasu na ƙara musu ƙyalle a hammata inda ido ba ya kaiwa. Zannuwan hajiyoyi su ne suka fi sauƙi, don almakashi bai taɓa shigarsu ba. Surfanin Alhaji ne ya tsaya mini. Ba ya farkuwa, idan ka cire shi yadin ya zama rariya. Sai na zagaye shi na yanke, na mayar da shi gaban riga ɗaya, na ajiye wa Awudu. Sallar nan a kan keke muka yi ta, daga masallacin Idi shago muka dawo. Da muka gama, abin da aka share a ƙasa bai cika tafin hannu ba, kuma ni kaina babu abin da ya rage da zan ɗinka wa kaina.

A wani babban sito aka yi taron, a Ƙusais, wani ɗan kago ne ya ba da aro. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera manyan farantan shinkafa da naman Sallah. Masu shuɗi suna shigowa suna durƙusawa suna gaida Baba, yana sa musu albarka kamar bai ga launin ba. Alhaji Sabo shi ya zo ƙarshe. Jamfa ce a jikinsa iya cinya, damatsansa a waje, damatsan da babu wanda ya taɓa gani a ƙasar nan. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Alhaji ya wuce kansa a sama ya je ya gaida Baba.

Bayan sallar la'asar aka tsaya layi. Na Sharja ya yi kwarjini, manyan riguna kowa ya ci wurin mutum biyu. Na Dubai kuwa ya miƙe, ya zagaye kwalayen da aka jibge, ya lanƙwasa ya kai bakin ƙofa. Ni ina gefe da tsohon kaftanina. Sai wani daga cikin na Sharja ya ɗaga murya.

“Baba, a duba. Waɗannan ba sabon ɗinki ba ne, haɗe-haɗe ne.”

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fara bin layin shuɗi. Sai ya kama gefen rigar mutum ya murza tsakanin yatsu biyu, ya juya kalmasa ya duba ciki, ya wuce. Da ya kai wurin Awudu ya tsaya, ya dubi surfanin manya a kan riga mai gajeren hannu, ya shafa shi. Sannan ya taka har gaban Alhaji.

“Sabo, an ce mini ka yi rigar da ta toshe ƙofar shago. Tana ina?”

“Ga ta nan, Baba,” Alhaji ya ce. Ya fara nunawa da yatsa. “Ƙirjinta na jikin Awudu. Bayanta ga shi can jikin dogon nan na bakin ƙofa. Hannun dama ban san wanda ya samu ba. Wannan da ke jikina shi ne abin da tela ya rage mini.”

Baba ya daɗe yana duban layin. Sannan ya ce a kira masa telan. Na zo na durƙusa.

“Kai ne Habu? Kai wane layi kake?”

“Yadi bai kai kaina ba, ranka ya daɗe. Amma da ya kai, shuɗi ne.”

“Kuma tawa ka fara aikowa.” Ya kama gefen rigarsa ya juya ciki waje, ya ɗaga yadda kowa zai gani. “Ku duba. Ko zare ɗaya bai fita ba.” Ya waiwaya wurin mai ƙorafin. “Yadin shi ne, ɗinkin kuma ɗinki ne. Ku zauna, ba sai an ƙirga ba.”

Ya juyo ga masu shuɗi, ya ce:

“Abin da nake tsoro tuntuni shi ne in sake ku, manyanku su manta da ƙananku. Yau na ga abin da na gani. Dubai, ku riƙe kanku. Allah Ya taya ku riƙo.”

Kabbara ta tashi har rufin kwanon siton ya amsa, ma'aikatan siton da ke maƙwabtaka suka leƙo su ga me ya faru. Mata suna guɗa, masu ruwan ƙasa suna miƙa wa masu shuɗi hannu. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar wannan ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa muku hawaye sun zubo mini. Ina cikin sharewa na ga Awudu ya baro wurinsa da gudu, ya rungume Alhaji Sabo da duk ƙarfinsa na mai gadi, Alhaji ma ya buɗe hannu biyu ya matse shi. Ni na san ƙyallen da na ƙara a hammatar rigunan nan biyu, na san kaurinsa bai wuce yatsa ba. Na runtse ido ina jiran in ji hammata ta yage.

Ba ta yage ba.